Manhajar odit da bin ƙa'idojin tsaron bayanai: wacce za mu saya, kuma yaya ake gwada ta kafin a sa hannu?

Admin_Sabar:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar odit ɗin kwamfuta da tsaron bayanai.

Ga yadda tsarinmu yake: ma'aikata kusan 300, Active Directory (tsarin Microsoft mai riƙe asusan ma'aikata da izininsu) mai sabar DC uku (sabar da ke tantance masu shiga), sabar fayil biyu, imel da takardu a Microsoft 365, sai wasu sabar Linux a AWS (girgijen Amazon) da ke ɗauke da manhajar da muke yi wa abokan ciniki aiki da ita. Wani ɓangare na wannan manhajar yana taɓa lambobin katin banki, don haka PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan katin banki, ta hau kanmu. Yanzu kuma babban abokin cinikinmu ya sa sharaɗi a kwangila cewa sai mun kawo takardar shaidar ISO 27001, ma'aunin ƙasa da ƙasa na tsaron bayanai.

Kamfanoni biyu masu sayar da manhaja sun kawo tayi. Na farko ya ce tasa za ta nuna mana wa ya canza me, a ina, da ƙarfe nawa, a Active Directory da sabar fayil. Na biyu ya ce tasa tana haɗuwa da AWS da Microsoft 365, ta tattara hujjoji, ta nuna a allo kashi nawa cikin ɗari na sharuɗɗan muka cika. Kowannensu cewa yake da tasa kaɗai za mu tsallake odit.

Shin aiki ɗaya suke yi? In ba ɗaya ba, wacce ce ta zama dole? Dukansu sun ba mu gwaji na kwana 30, me ya kamata mu gwada? Sannan log, wato rajistar abin da ya faru a na'ura, na wata nawa ake ajiyewa? Na gode.

Injiniyan_Tsaro:

Wa alaikumus salam, Malam. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko mai bin sawun canje-canje ce, dangin su Netwrix Auditor, ADAudit Plus na ManageEngine, Lepide da Change Auditor na Quest. Ta biyu mai tsara aikin bin ƙa'ida ce, dangin su Vanta, Drata da Secureframe: tana riƙe jerin sharuɗɗa, takardun manufofi, da hujjar cewa an yi abu kaza ranar kaza. Akwai iri na uku da ba ku ambata ba, matattarar log ta tsakiya da ake kira SIEM, kamar Splunk, Microsoft Sentinel ko Wazuh. Zan tsaya kan ta farkon, don a nan aka fi sayen abu a girka, sannan a gano babu komai a ciki.

Mafi yawan abin da irin wannan manhaja ke nunawa daga log ɗin Windows take ɗebo shi, kuma guga ba ya fito da abin da babu a rijiya. Wasu suna girka ejan, wata ƙaramar manhaja, a kan DC da ke kama canji kai tsaye, amma ko da su ma sai kun gyara log na asali, don shi za a koma wa in an yi gardama. Saboda haka kafin ku girka komai, ku hau kowace DC ku buga `auditpol /get /category:*` ku ga abin da ke kunne a zahiri, kada ku dogara da abin da aka rubuta a GPO (saitin da ake turawa kwamfutoci daga Active Directory). A Advanced Audit Policy Configuration ake saitawa. Mafi ƙarancin abin da ya kamata a tarar a kunne: User Account Management, Security Group Management, Directory Service Changes, Logon, Kerberos Authentication Service, Credential Validation da Audit Policy Change. Ku kuma duba saitin nan mai farawa da "Audit: Force audit policy subcategory settings" yana kunne. In an kashe shi, tsohuwar manufar odit mai rukuni tara tana iya danne sabuwar, wasu log su daina zuwa ba wanda ya lura.

Lambobin da za ku riƙa cin karo da su a log ɗin Windows: 4720 an buɗe sabon asusu, 4725 an dakatar da shi, 4726 an goge shi, 4724 wani ya sake wa wani kalmar sirri, 4740 asusu ya kulle. Shigar da mutum rukuni kuwa lamba uku gare shi, gwargwadon nau'in rukunin. Domain Admins zai ba da 4728, Administrators 4732, Enterprise Admins 4756. Faɗakarwar da aka ɗaure ta a lamba ɗaya za ta rasa sauran biyun. Sai 4719, an taɓa manufar odit kanta, da 1102, an share log ɗin tsaro. Waɗannan biyun ko tsakar dare suka faru ya kamata wayar wani ta yi ƙara.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Na ɗaya, canji yana rubutuwa ne a kan DC ɗin da aka yi shi kawai. Canjin kansa yana bazuwa zuwa sauran, amma log ɗinsa ba ya binsa. In manhajar na karanta DC biyu cikin uku, duk abin da aka yi a ta ukun ya wuce ku.

Na biyu, kunna manufa bai isa ba sai an sa SACL, wato jerin abubuwan da za a sa wa ido a kan folda ko wani abu na Active Directory. Ba SACL, ba za ku ga 4663, lambar taɓa fayil, a sabar fayil ba. Amma kada ku sa "kowa, kowane karatu" a kan faifai gaba ɗaya, domin manhajar kwafin ajiya da ta kashe ƙwayoyin cuta suna buɗe kowane fayil, za su cika muku log da shara. Rubutu, gogewa da canza izini a sa a ko'ina; karatu kuwa sai a foldar da ke da bayanai masu nauyi, kamar ta albashi da ta kwangiloli.

Na uku, girman log. Windows yana zuwa da log ɗin tsaro na 20 MB a kan kwamfuta ta gama-gari, kuma in ya cika sabo ke danne tsoho. A ƙaddara kowane layi 1 KB ne, sabar na rubuta 50 a daƙiƙa: cikin ƙasa da minti 7 ya zagayo. Ma'aunin CIS, cibiyar da ke fitar da shawarwarin saitin tsaro, ya ce aƙalla 196,608 KB, wanda a wannan lissafin awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Dabarar ita ce ku buɗe log ku duba layi mafi tsufa. In bai kai kwana uku ba, ku ƙara girma, don in manhajar ta tsaya a ƙarshen mako kada a dawo a tarar da giɓi.

Game da gwajin kwana 30, kada ku zauna kallon nunin da mai sayarwa ya shirya. Ku rubuta jerin abubuwa a takarda, ku aikata su da hannunku, ku rubuta lokacin kowanne, sannan ku je ku nema a manhajar. Ku sa asusun gwaji a Domain Admins ta kan DC ta uku, ku cire shi bayan minti biyar. Ku sa wani ƙaramin rukuni a cikin Domain Admins, sannan ku sa mutum a ƙaramin rukunin. Log na asali zai ambaci ƙaramin ne kawai, manhaja mai kyau ce za ta gane mutumin ya zama babban admin. Ku canza saiti ɗaya a GPO: 5136, lambar canjin abu a Active Directory, zai nuna lambar sigar ta ƙaru, ba zai faɗi wane saiti ba, to ku ga ko manhajar za ta kawo tsohon saitin da sabon. Ku sake wa folda suna, ku matsar da wata. A log na asali sake suna yana kama da gogewa, kuma 4660, lambar gogewa, ba ya ɗauke da sunan fayil sai an haɗa shi da 4663 ta lambar Handle ID, don haka a nan manhaja mai rauni ke cewa an goge abin da ba a goge ba. Daga ƙarshe ku yanke mata hanyar sadarwa na awa biyu ku mayar, ku ga ko za ta cike giɓin, kuma ko ta sanar da ku cewa ta daina ji daga sabar. Wadda ta yi shiru lokacin da ta makance, ku bar ta.

Agogo ma ku duba. Kerberos, tsarin tantance shiga na Windows, yana haƙuri da bambancin minti 5, amma bincike ba ya haƙuri da ko minti ɗaya in ana son sanin me ya riga me. DC mai riƙe da matsayin PDC emulator ta karɓi lokaci daga amintaccen tushe, sauran su bi ta, ku tabbatar da `w32tm /query /status`.

Malama_Odit:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa a ɓangarensa. Ni zan taɓa maganar nan ta "da tamu kaɗai za ku tsallake odit". Ba gaskiya ba ce, ko wacce kuka saya.

ISO 27001 tsarin gudanarwa take dubawa. Sigar 2022 tana da matakan kariya 93 a Annex A, kashi huɗu: 37 na tsarin ma'aikata, 8 na mutane, 14 na gini da kayan aiki, 34 na fasaha. Manhajar bin sawu tana taimakawa a kaɗan daga ciki, musamman 8.15 na ajiye log, 8.16 na sa ido, 8.2 na manyan izini da 5.18 na izinin shiga. Ba za ta yi muku tantance haɗari ba, ba za ta zaɓa muku abin da ya shafe ku da wanda bai shafe ku ba a takardar Statement of Applicability, ba za ta yi odit na cikin gida da sashe na 9.2 ya wajabta ba, balle zaman bitar shugabanni na 9.3. Takardar shaidar kuma hukumar ba da shaida ce ke bayarwa bayan mataki biyu, na farko duba takardu, na biyu duba aiki. Tana aiki shekara uku, ana dawowa dubiya kowace shekara. In mai sayarwa ya kawo muku samfurin takardu masu matakai 114, na sigar 2013 ne, wadda wa'adin barinta ya cika ranar 31 ga Oktoba 2025.

Ga yadda odita ke aiki, don ku san abin da za ku nema a manhaja. Ba zai ce ku nuna masa allo mai launin kore ba. Zai ce sashen ma'aikata ya ba shi sunayen duk waɗanda suka bar aiki a wannan shekara. Ya zaɓi wasu da kansa. A kan kowanne zai tambayi ranar barin aiki da ranar da aka rufe asusunsa. In mutum ya tafi ranar 3 ga wata aka rufe asusun ranar 19, ya samu abin rubutawa, kuma manhajar bin sawun ce ma za ta ba shi hujjar. Haka zai yi da canje-canje: ya ɗauko wani 4728 daga log ya ce ina tikitin da aka nemi wannan izinin, wa ya amince. Manhaja tana nuna an yi, amma amincewar sai in kun rubuta ta tun farko.

Zai kuma tambayi yadda kuka san rahoton ya cika. In kun ba shi jerin masu babban izini, yana so ya ga daga ina aka ciro, da wane tacewa, ranar yaushe. Fayil ɗin Excel da kowa zai iya gyarawa ba shi da ƙarfi. A gwajinku ku duba ko rahoton yana fita da kwanan wata da sharuɗɗan tacewa a jikinsa.

Allon kashi cikin ɗari kuma, abin da aka haɗa shi da shi kawai yake gani. Kun haɗa asusun AWS ɗaya kun manta na biyu, zai nuna kore. An ɗora takardar manufa da ba wanda ya taɓa karantawa, zai nuna kore. Irin wannan manhaja ta fi ƙarfi a kan ayyukan girgije; abin da ke cikin ɗakin sabarku, kamar DC da sabar fayil, sau da yawa da hannu ake ɗora hujjarsa. Ku tambaye su kai tsaye, cikin matakai 93 nawa suke gwadawa da kansu a tsari irin naku, nawa kuma akwati ne kawai na ɗora fayil. Amfaninta na gaske shi ne tunatarwa da tsari: wa ke da alhakin wane mataki, wace hujja ta tsufa, wa bai yi horo ba. Wannan aikin ana iya yin sa da jadawali da folda mai tsari in akwai mutum guda da ya riƙe shi da gaske.

Tsawon ajiya: ISO 27001 ba ta yanke adadi ba, ku za ku rubuta a manufarku ku kuma bi abin da kuka rubuta. PCI DSS ce ta yanke. Sharaɗi na 10.5.1 ya ce aƙalla wata 12, kuma wata uku na baya-bayan nan su kasance a hannu nan take. Na 10.4.1 ya ce a duba log na tsaro kullum, kuma tun 31 ga Maris 2025 sai da na'ura mai sarrafa kanta ake wannan dubawar. Na 7.2.4 ya ce a yi bitar asusai da izininsu aƙalla sau ɗaya a wata shida, 8.2.6 ya ce asusun da ya kwana 90 ba a shiga ba a rufe ko a cire shi, 8.2.5 kuma ya ce wanda ya bar aiki a yanke masa shiga nan take. Tunda waɗannan sun hau kanku, matattarar log ita ce ba ku da zaɓi a kanta. In kuɗin na abu ɗaya ne, can zan kai shi.

Admin_Sabar:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama. Mun fara gwajin, ga abubuwa uku da suka taso. Manhajar farko ta ce asusai 41 ne suka wuce kwana 90 ba a shiga ba, amma wasu daga cikin masu su suna aiki kullum. Sannan takardar girkawa ta ce asusun da manhajar za ta yi aiki da shi a sa shi a Domain Admins, abin bai kwanta mini ba. Na uku, ta yaya za mu ƙiyasta girman ma'ajiyar wata 12?

Mai_Girgije:

Malam Admin, zan fara da na ukun, amma kafin nan akwai abin da ya fi gaggawa da ba a taɓa ba. Log ɗin girgijenku yana ƙarewa yanzu haka, kuna gwaji yana zubewa. Rajistar shiga ta Microsoft Entra ID, mai riƙe asusan Microsoft 365, kwana 7 take zama a lasisin kyauta, kwana 30 a lasisin kuɗi na P1 ko P2. Odit na gama-gari na Microsoft 365 kwana 180 ne. Tarihin CloudTrail, rajistar ayyukan AWS, da ake gani a allon AWS kwana 90 ne, kuma ayyukan gudanarwa kawai yake ɗauka. Wa ya karanta wane fayil a S3, ma'ajiyar fayil ta AWS, ba ya ciki sai an kunna shi daban. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai wata 12, kuma abin da ya wuce ba manhajar da za ta dawo da shi. Don haka na ɗan saɓa da tsarin da ake bi na a gama zaɓen manhaja tukuna. Yau ɗin nan ku buɗe trail na CloudTrail mai ɗaukar dukkan yankunan AWS ya riƙa zubawa a S3, ku kunna tabbatar da ingancin fayil ɗin log, ku kuma tura na Entra zuwa ma'ajiya. Bokitin S3 ɗin ya kasance a wani asusun AWS daban da admin na yau da kullum ba ya shiga, a sa masa Object Lock, makullin da ke hana goge fayil. A yanayin compliance ko mai asusun root, wato babban asusu, ba ya iya gogewa kafin wa'adi, saboda haka ku gwada da ɗan gajeren wa'adi kafin ku sa kwana 365.

A sabar Linux kuwa auditd, mai rubuta log ɗin odit, za ku kunna. Ƙa'ida irin `-w /etc/sudoers -p wa -k sudoers` tana kama duk wanda ya taɓa fayil ɗin, haka za ku yi wa `/etc/passwd` da saitin SSH, ku rufe da `-e 2` don kada a canza ƙa'idojin sai an sake kunna sabar. Filin auid shi ke riƙe ainihin wanda ya shiga ko da ya koma root ta sudo, amma in mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya, ba abin da zai gaya muku. Turawa kuma kada ta zama syslog ta UDP a ƙofa 514, don in hanya ta cunkushe layuka na faɗuwa ba sanarwa. Ku bi ta TLS a 6514.

Lissafin ma'ajiya aunawa ake yi. Ku bar komai na zuba mako guda cikakke, ku ɗauki matsakaici. Misali, in jimillar ta kama layi 200 a daƙiƙa, a rana 17,280,000 ke nan. A 1 KB kowanne, kusan 17 GB a rana, wajen 1.5 TB na wata ukun da za su zauna a hannu, sama da 6 TB a shekara kafin matsewa. Matsewa tana rage shi sosai, amma ku auna da log ɗinku maimakon karɓar adadin mai sayarwa. Ku kuma tambayi yadda lasisin yake ƙirga: yawan asusai, yawan sabar, ko GB a rana. In na asusai ne, ku ji ko yana haɗawa da waɗanda aka dakatar da na manhajoji. In na GB ne, ranar da aka kawo muku hari log ke ninkuwa, ku ji me ke faruwa in an wuce iyaka.

Rashin kwanciyar hankalinku kan Domain Admins daidai ne. Manhajar da ke ganin komai ita ce maharin zai fi so. A Disamba 2020 aka gano an cusa mugun lamba a sabuntawar Orion ta SolarWinds, manhajar sa ido kan hanyar sadarwa, kamfanin kuma ya ce abokan ciniki kusan 18,000 ne mai yiwuwa suka girka ta. Don haka shi ma mai sayarwar ku yi masa odit. Ku nemi takardar ISO 27001 ɗinsa ku karanta iyakarta, ku ga ko ta haɗa da wannan manhajar da kuke saye. Ku nemi rahoton odit na SOC 2 nau'i na biyu, wanda ke duba aiki na tsawon watanni, ku karanta sashen kurakuran da aka samu. Ku sa a rubuta a kwangila a wace ƙasa bayananku za su zauna, cikin awa nawa zai sanar da ku in an kutsa masa, da kuma yadda za ku kwashe tsohon log in kun rabu. In kuna riƙe bayanan mutanen Tarayyar Turai, dokarsu ta kare bayanai, GDPR, ta ba da awa 72 ne kawai a sanar da hukuma daga lokacin da aka san da kutse, jinkirinsa zai ci naku lokacin.

Injiniyan_Tsaro:

Na yarda da Mai_Girgije, a fara da toshe zubewar.

Asusai 41 ɗin nan, ku tambayi wane fili manhajar ke karantawa. Filin lastLogon ba ya bazuwa tsakanin DC, kowace da nata, sai an tambayi duka ukun an ɗauki mafi sabo. Filin lastLogonTimestamp yana bazuwa, amma yana iya zama a baya da kwana 9 zuwa 14, wanda ba matsala ba ne ga ma'aunin kwana 90. Abin da na fi zargi shi ne masu shiga Microsoft 365 kawai. In kuna daidaita kalmar sirri zuwa Entra, tantancewar a girgije ake yin ta, DC ba ta san an shiga ba. Sai an haɗa bayanan ɓangarorin biyu kafin a rufe asusun kowa. Kada ku kunna rufewa ta atomatik sai kun tace jerin da hannu, musamman asusan manhajoji da ke aiki sau ɗaya a wata uku.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi haɗari. Asusun da wa'adinsa ya ƙare a Active Directory ta ranar ƙarewa, ba a dakatar da shi ba, yana iya ci gaba da shiga girgije a irin wannan tsarin. Wanda aka dakatar kuma sai zagayen daidaitawa ya zo, kowane minti 30, sannan alamar shigar da ke hannunsa tana iya kai awa ɗaya ko fiye. Wanda aka sallama, a dakatar da asusunsa a ɓangarorin biyu a kuma soke zamansa a Entra.

Asusun manhajar kuwa, mafi yawan lokaci sauƙi ne ya sa ake rubuta Domain Admins. Ku nemi takardarsu ta mafi ƙarancin izini. Karanta log yana yiwuwa da rukunin Event Log Readers, karanta abubuwan da aka goge sai an ba da izini na musamman a kan ma'ajiyarsu. Ku yi hattara da haƙƙin "Manage auditing and security log", don mai shi yana iya share log ɗin tsaro. In manhajar na karɓar gMSA, asusun manhaja da Windows ke kula da shi, ku yi amfani da shi, kalmar sirrinsa na canza kanta kowane kwana 30 ba wanda ya san ta. Ku hana asusun shiga ta allo ko RDP (shiga daga nesa), ku sa faɗakarwa in an ga 4624, lambar shiga, nasa mai nau'in shiga 2 ko 10.

Malama_Odit:

Ƙari ɗaya kafin ku sa hannu a lasisi: ku zana iyaka. A PCI DSS, ba sabar da ke riƙe lambar kati kaɗai ke shiga odit ba, har duk abin da ke haɗe da ita ko ke iya shafar tsaronta. In admin ɗinku suna shiga waɗancan sabar Linux da asusun Active Directory, DC ɗinku uku sun shiga. Matattarar log da manhajar bin sawun su ma sun shiga. Sharaɗi na 12.5.2 yana so ku rubuta wannan iyakar ku sake tabbatar da ita kowane wata 12, masu yi wa wasu hidima kuma kowane wata shida. In za ku iya miƙa karɓar katin ga kamfanin biyan kuɗi, ku riƙe alamar da ya ba ku a madadin lambar, sabar da za ku sa wa ido za su ragu, lasisin ma ya ragu. Ku zauna da bankinku ko QSA, wato oditan PCI DSS mai izini, a kan wannan tun yanzu.

In manhajar farko tana da ɓangaren binciko bayanai masu nauyi a cikin fayiloli, ku sake ta a kan sabar fayil biyun nan cikin kwanakin gwaji, da daddare don kada ta nauyaya faifai. Lambobin kati sukan ɓuya a tsofaffin Excel, hotunan allo da imel ɗin masu ƙorafi. Ku sa ran ƙararrawar ƙarya da yawa, domin lissafin Luhn da ake tantance lambar kati da shi, lamba ɗaya cikin goma da aka jera haka kawai tana wuce shi, don haka lambobin rasit da na kaya za su fito. Ku ɗauki ɗari daga sakamakon ku buɗe da hannu ku ƙirga na gaske. Ku kuma ajiye fayil goma na gwaji masu lambobin katin gwaji a wurare daban-daban, har da PDF da aka yi sikan da fayil ɗin zip, ku ga nawa za ta gano. Duk foldar da aka samu lambar gaske a ciki, ko dai a goge lambar a kuma toshe hanyar da ta biyo ta shigo, ko sabar fayil ɗin gaba ɗaya ta shiga iyakar PCI.